Man telon na jarirai: abin da yake yi da abin da ba ya yi

A tsibirin Bali na ƙasar Indunusiya, ilimin maganin gargajiya a rubuce yake a kan ganyen giginya, ana ce masa usada, kuma akwai kundi guda na cututtukan yara mai suna Usada Rare. A ciki akwai na sha, wato loloh, akwai boreh, ƙullin shinkafa da saiwoyi da ake shafawa a jiki, akwai tutuh da ake ɗigawa a hanci, akwai kuma simbuh da ake taunawa a fesa wa yaro. Amma abin da ya fi sauƙin isowa hannun uwa a Garwa ko Marwa ta hanyar masu odar kaya shi ne man telon, man da iyaye a Bali da Jawa ke shafa wa jariri bayan wanka. Shi muka duba.

Sunan ya fito ne daga telu, wato uku, domin mai uku aka haɗa: man kwakwa, man shammar (wani tsiro mai 'ya'ya masu ƙamshi), da man kayu putih, wata bishiya dangin bishiyar turare. Man kwakwa shi ne uwar haɗin, shi ke laushi da fata. Sauran biyun su ke kawo ƙamshi da ɗumin da ake ji. Mai ne mara kauri, fata na shanye shi da wuri, ba ya danƙo a riga kamar man kaɗanya.

Inda ya ci kuɗinsa shi ne lokacin hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, sa'ad da fatar yaro ke bushewa. Bayan wanka a tsane jikin, a ɗiga ɗigo 4 ko 5 a tafin hannu, a murza har ya yi ɗumi, sannan a shafa a ciki, da baya, da tafin ƙafa. A ciki, hannu ya riƙa zagayawa yadda hannun agogo ke juyawa, domin haka babban hanji ya kwanta, kuma hakan na taimaka wa iska ta fita. Gaskiyar magana, sauƙin kumburin cikin da iyaye ke yabawa, kaso mai yawa nasa daga tausar yake da kuma sa yaro ya yi gyatsa bayan shan nono. Kada a taɓa ciki da zarar ya gama sha, a bari a ƙalla rabin awa.

Ga inda ake kuskure, kuma nan ne hankalinmu ya fi tashi. Man kayu putih na da sinadari mai kaifi irin na bishiyar turare, wanda idan ya kusanci hancin jariri yana iya shaƙe masa numfashi. Don haka ban da fuska, ban da hanci, ban da maɗiga, ban da hannuwa, tunda hannun jariri bakinsa yake nufa. Ba a ɗiga shi a cibiya, ba a kuma ba yaro ya sha ko ɗigo ɗaya. A shawararmu, a dakata sai an yi arba'in. Ranar farko a gwada ɗigo ɗaya a cinya, a jira awa 24. Idan wurin ya yi ja ko ƙuraje suka feso, a haƙura da shi. A Maris da Afrilu kuwa, lokacin da zafin Garwa ke haura digiri 40, a ajiye kwalbar, domin mai ɗumama jiki a kan zufa ƙurajen zafi yake ƙarawa.

Wajen saye, a duba lambar rajista ta hukumar kula da magunguna ta Indunusiya, wadda ke farawa da POM, da ranar lalacewa, da hatimin murfi. A karanta jerin kayan haɗi: in akwai kafur, a bar shi a kanti. Ƙaramar kwalba ta mil 30 ko 60 ta wadatar, don ƙamshin na gudu in an daɗe da buɗewa. Idan ya yi fari-fari a sanyin Ngaundere ba lalacewa ya yi ba, man kwakwa ne ke daskarewa ƙasa da digiri 24. A tsoma kwalbar a ruwan ɗumi.

Man telon da aka rubuta wa Plus ana tallarsa da korar sauro. Ƙamshin na gushewa kafin gari ya waye, saboda haka gidan sauro na nan a matsayinsa. Loloh, tutuh da simbuh kuwa ba na jariri ba ne ko an kawo su kyauta: kafin wata 6 nono kaɗai ke shiga bakinsa, zuma kuma sai ya cika shekara 1.

Zazzaɓi ba aikin telon ba ne. A Bali ana haɗa jar albasa da mai a shafa wa yaro mai zafin jiki, amma albasa na ƙona fatar jariri, kuma nan ƙasar maleriya ce, musamman daga Yuli zuwa Oktoba. Jaririn da bai kai wata 3 ba, in ma'aunin zafi ya nuna 38, asibiti za a nufa a ranar. Wanda ya girme shi ma a kai shi a yi masa gwajin jini kafin a ba shi komai.