Hulba ko Ashwagandha ga Mai Shekara 55

Malam, ka ce shekararka 55, kuzari da sha'awa sun ja baya, kana son sanin wanne ya fi ɗaga sakakken testosterone, wato sinadarin mazantaka, tsakanin hulba da ashwagandha.

Yawancin wannan sinadari a ɗaure yake a cikin jini, wani furotin mai suna SHBG ne ke riƙe da kaso mai tsoka. Sakakken kusan kashi 2 cikin 100 ne kacal, kuma shekaru na ja SHBG na ƙaruwa, shi ya sa sakakken yake saurin raguwa.

Hulba dai tamu ce, ga ta nan a kasuwa da araha. An gwada ta a Ostareliya a 2016 kan maza masu shekara 43 zuwa 70, miligiram 600 kullum na mako 12, aka ga sakakken ya ɗan ɗaga. Sai dai tataccen ƙwayar magani aka ba su, ba shayin da uwargida ke dafawa ba, kuma da yawan irin wannan bincike masu sayar da maganin ne ke ɗaukar nauyinsa. Tana sauke sukari, don haka mai shan maganin suga ko na tsinka jini ya fara jin ta bakin likita.

Ashwagandha kuwa saiwa ce daga Indiya, ga tsada. A gwajin 2019 kan maza masu ƙiba 'yan 40 zuwa 70, sinadarin ya ƙaru da kusan kashi 15 cikin mako 8, amma ta fuskar gajiya da sha'awa ba su fi waɗanda aka ba ƙwayar bogi ba. To ina ribar? An kuma samu waɗanda ta taɓa wa hanta, Denmark ma ta haramta ta a 2023.

Ni dai in dole ne, hulba zan ɗauka, ba don ta fi ƙarfi ba, don illarta ta fi sauƙi. Maganin ƙarfin maza na cikin kwalba da ake talla a bakin tasha kam a bar shi, an sha kama irinsa da sildenafil (sinadarin Viagra) a ciki, haɗari ne babba ga mai ciwon zuciya.

Kafin ka kashe ko sisi, je a auna jininka da safe kafin ƙarfe 10, ba ka karya ba, a rana biyu daban. A haɗa da awon suga, domin tumbi, ciwon suga, ƙarancin barci da tramadol duk suna sauke sinadarin.