Ciwon gaɓoɓi da fargaba bayan yankewar al'ada: homon ko maganin kowane ciwo daban?

Mace ta haura hamsin, al'ada ta ɗauke, sai gwiwa da yatsu su riƙa sagewa da asuba, gaba na faɗuwa ba dalili. Da yawa sukan ce sanyi ne. Sau da yawa raguwar estrojin, wato homon (sinadari) da jikin mace ke samarwa, na da hannu.

Hanyoyin magani biyu ne. Ta farko ita ce mayar wa jiki estrojin kaɗan, misali faci mai maikirogiram 25 da ake mannawa a fata. Yana rage zafin da ke taso wa mace da gumin dare, barci ya daidaita, fargabar kan lafa. A babban binciken WHI kan lafiyar mata a Amurka, masu shan estrojin zalla sun ɗan samu sauƙin gaɓoɓi, kaɗan ne fa. Wadda ba a cire wa mahaifa ba dole a haɗa mata da wani homon, furojestaron, don kare ta daga kansar mahaifa. Wadda ta taɓa kansar nono ko daskarewar jini, ba nata ba ne. An fi so a fara kafin shekara 60.

Ta biyu kuwa, ibuprofen ko diclofenac don gaɓoɓi, sertraline don fargaba, wanda sai ya yi makonni kafin ya kama. Magungunan nan sun fi sauƙin samu, amma shan diclofenac kullum daga kemis na cin ciki da ƙoda, ga hawan jini.

In zafin da ke tasowa da rashin barci sun haɗu da ciwon, ni dai homon zan fara tambayar likita. In gwiwa ce kaɗai, a fara duba amosanin ƙashi.