Daga Jubail: haidirojin ɗin kemis daban, na masana'anta daban

Assalamu alaikum Yaya. A gaishe min da Inna da yara.

Ka ce ka ji ana yi wa Saudiyya kirari da haidirojin, kana tambaya ko shi ne wanda muke wanke ciwo da shi. Na yi dariya, don ni ma haka na zata kafin in zo. Na kemis ɗin nan mai kumfa a kan gyambo sunansa haidirojin feroksaid, kuma galibi kashi 3 cikin 100 ne kawai a kwalbar, sauran ruwa ne. Akwai shi a kemis ɗin nan Jubail ma, sai dai a rufe yake da kwanan wata a jiki, ba a tsiyaya maka a wata kwalba.

Haidirojin na ainihi iska ce, ba launi ba wari. Ta fi iskar da muke shaƙa rashin nauyi kusan sau 14, kuma da ta ga wuta ta kama. In ta ƙone, ruwa take bari. Ka tuna mai balan-balan na ranar Sallah da yake jiƙa soda da gwangwanin alminiyam a tulu? Ita yake haɗawa, Allah ne kawai ya tsare mu. A manyan kantunan nan hiliyam suke sawa, ya fi tsada amma ba ya cin wuta.

Abin da ya shafe ka kai manomi shi ne taki. A masana'antun kamfanin SABIC da ke nan Jubail ana cire haidirojin daga iskar gas, a haɗa da naitirojin na iska ya zama amoniya, daga nan a yi yuriya. Hanyar da Indorama ke bi a Eleme da Dangote a Lekki ke nan, don haka kada wani ya ruɗe ka cewa buhun waje ya fi namu albarka. Matsalarmu tana tsakanin ƙofar masana'anta da gona: hannu biyar, kowa da ribarsa, wani har da yashi.

Can yamma kuma, a Neom, an tsara masana'antar da za ta riƙa fasa ruwa da wutar rana da ta iska, ta fitar da tan 600 na haidirojin kullum. Mu da ranar Katsina ke dafa wa kai, sai dai kallo.

Zan turo riyal 500 ƙarshen wata. Ka sayi takin tun kafin ruwa ya sauka, kuma ka sa hannu har ƙasan buhun kafin ka biya.