Prius 'yar 2010 a titunan Kano: man da aka ce tana sha da wanda take sha

Motar da nake hawa Toyota Prius ce ƙirar 2010, 'yar Amurka da ta shigo ta Kwatano. Haibirid ce, wato injin fetur da na lantarki suna taimakon juna wajen jan ta, kuma ba a jona mata wuta, ita take cajin baturinta da kanta. Na saye ta bayan cire tallafin mai na ranar 29 ga Mayun 2023, lokacin da lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 500 cikin 'yan kwanaki, ta ci gaba da hawa har ta haura dubu a 2024. Kafin ita Corolla nake hawa mai inji 1.8. Duk inda na tsaya, gidan mai ne ko ƙofar masallaci, tambayar ɗaya ce: wai da gaske ba ta shan mai? Tana sha mana. Tana shan fiye da abin da aka rubuta a takarda, nesa ba kusa ba da abin da dillalai ke faɗa, amma duk da haka ban taɓa riƙe motar da ta sauƙaƙa wa aljihuna kamarta ba.

Dilan da ya sayar mini cewa ya yi lita ɗaya tana kai ta kilomita 38, har ya buɗe wayarsa ya nuna mini. Ba shi ya ƙirƙiri lambar ba. Sakamakon wani tsohon gwaji ne na Japan da ake kira 10-15, kuma a kan samfurin da ya fi kowanne rashin nauyi. A wannan gwaji matsakaicin gudun motar bai kai kilomita 23 a awa ba, mafi girman gudunta 70, iyakwandishan a kashe. Da Japan ɗin ta koma wani gwaji mai suna JC08, motar nan dai ta sauko zuwa 32.6. A Turai an rubuta mata lita 3.9 a kowane kilomita 100, kusan kilomita 25 da rabi ke nan a lita. A Amurka, inda tawa ta fito, takardar da ake liƙa wa sabuwar mota a gilashi ta ce mil 50 a galan: 51 a cikin gari, 48 a babbar hanya. Galan ɗinsu lita 3.785 ne, mil kuma kilomita 1.6, don haka mil 50 a galan ya kama kilomita 21 da ɗoriya a lita. Mota ɗaya, inji ɗaya, lamba huɗu, daga 38 zuwa 21. Dila ya zaɓi wadda ta fi daɗin ji ya ba ni, kuma wannan hali ne da ya kamata masu sayar da motoci su daina, domin mutum da kuɗin guminsa yake yanke shawara a kan maganarsu.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne ba a kan titi ake waɗannan gwaje-gwaje ba. Cikin ɗaki ake shigar da motar, a ɗora tayoyinta a kan wasu manyan ƙarafa masu juyawa, direba ya riƙa bin gudun da allo yake nuna masa, a tara hayaƙin da ke fita ta salansa a lissafa man da aka ƙona. Babu rami, babu kaya a but, babu ɗan adaidaita sahun da zai sha gabanka. A Amurka ma kamfanonin ne suke gwada motocinsu su miƙa sakamako, hukumar kare muhalli ta EPA ta zaɓi wasu ta sake gwadawa a ɗakin gwajinta da ke Ann Arbor a jihar Michigan. Ita kanta hukumar ta gyara lissafinta daga motocin 2008, ta ƙara gwajin gudu mai ƙarfi, da na sanyi, da na iyakwandishan a zafin digiri 35. Prius ta wancan zamanin da ake tallata ta da mil 60 a cikin gari sai ta koma 48, ba tare da an taɓa ko ƙusa ɗaya a jikinta ba. Haka kuma Ford ya fito da C-Max haibirid ta 2013 da mil 47 a galan, masu ita suka yi ta ƙorafi, ya rage zuwa 43 a 2013, ya sake ragewa zuwa 40 a 2014, ya kuma biya masu motar diyya. Saboda haka in za ka riƙe lamba ɗaya, ta Amurka ce mafi kusa da gaskiya, ita ma ka san cewa zafin da suka gwada bai kai na Kano a watan Afrilu ba.

Ni ga yadda nake aunawa. Ina cika tanki har famfo ya tsaya da kansa, in mayar da mitar tafiya sifili, in yi ta harkokina, sai in koma gidan man nan da famfon nan in sake cikawa, in raba tafiyar da litocin da suka shiga. Komawa famfo ɗaya yana da muhimmanci, don ba kowane gidan mai ne litarsa take cika lita ba. Allon gaban motar ma yana nuna nasa lissafin, amma ƙiyasi ne, kuma a wurina kullum yakan ɗara na hannu kaɗan. Tunda 'yar Amurka ce da mil da galan take magana. Ka ninka abin da ta nuna da 0.425, kilomita a lita zai fito.

A cikin gari lokacin hunturu, gilashi a rufe saboda ƙura amma ba na buƙatar sanyi sosai, ina samun kilomita 19 zuwa 21 a lita. Wannan ya kusa abin da Amurkawa suka rubuta, a motar da ta haura shekara goma, kuma ya burge ni ƙwarai. Da bazara ta shigo, daga Maris zuwa Mayu, sai ta faɗo wajen 15 zuwa 17. A hanyar Kano zuwa Kaduna in na riƙe ta a 90 zuwa 100 tana ba ni 19 ko 20, in kuwa na biye wa masu gudu na kai 120 da mutane cike da mota, 16 ne ko ƙasa. Ban taɓa ganin 25 a tanki guda ba, balle 38.

Iyakwandishan ne babban mai cin rabon. A wannan motar ba inji ne yake juya shi da bel ba, da babban baturi yake aiki. Daɗinsa shi ne kana tsaye a cunkoson Kantin Kwari ko na Kurna inji a kashe, sanyi na fita. Amma baturin ƙarami ne, bai wuce kilowat-awa 1.3 ba, don haka bayan ɗan lokaci inji zai tashi ya cika shi, ya mutu, ya sake tashi. Wanda yake zama cikin mota yana jiran yara a ƙofar makaranta da sanyi a kunne, mai yake ƙonawa ba tafiya. Akwai kuma wani lissafi da ya sa abin yake fi ba mai haibirid tsoro. A ce sanyin yana ƙara lita ɗaya a kowane kilomita 100. Motar da take shan lita 4.7 ta koma 5.7, wato daga kilomita 21 a lita zuwa 17 da rabi. Corolla da take shan 8.1 ta koma 9.1, daga 12 da ɗoriya zuwa 11. Man da aka ƙara ɗaya ne a duka biyun, amma mai Prius ya ga kilomita kusan huɗu sun tafi, mai Corolla bai ma lura ba. Da yawa daga masu cewa haibirid yaudara ce, wannan ne ya same su.

Gajeriyar tafiya ma tana ɓata lissafi. Da safe in ka kunna ta, inji yakan tashi ya ɗumama kansa da matatar hayaƙin da ke cikin salansa, ko da baturi a cike yake. In tafiyarka daga gida zuwa bakin titi ce ka dawo, duk a cikin ɗumamawar za ka ƙare, ba ka kai inda ribar take ba.

Batun babbar hanya kuwa sai an fahimci inda ribar haibirid take fitowa. Duk lokacin da ka taka birki a hankali, injin lantarkin yana komawa janareto, ya mayar da ƙarfin gudun nan wuta ya zuba a baturi, maimakon ya tafi a banza a zafin birki. In ka tsaya inji ya mutu. In ka tashi a hankali wuta ce take fara jan ka. Shi ya sa cunkoso da danja da tudun rage gudu, waɗanda suke ƙarar da man mota ta gama-gari, su ne abincinta. A doguwar hanya babu tsayawa babu birki, kuma da gudu ya wuce wajen 70 inji ba ya hutawa, sai ta zama ƙaramar mota mai inji 1.8 da siffar da ke ratsa iska da kyau. Har yanzu ta fi Corolla, wadda Amurkawa suka ba ƙirarta ta 2010 mai giya otomatik mil 26 a gari da 34 a hanya, amma tazarar ta ragu sosai. A gari tafiyar Prius kusan ninki biyu ce ta Corolla, a hanya ba ta kai ninki ɗaya da rabi ba.

Sai ƙura da zafi, waɗanda babu gwajin wata ƙasa da ya san irin namu. Babban baturin yana bayan kujerar baya, kuma da iskar cikin mota ake sanyaya shi, ta wata 'yar taga da ke gefen kujerar ta dama, fanka na zuƙowa. Bayan hunturu na lura inji ya daina mutuwa a danja kamar da, mai kuma ya ƙara tafiya. Wani makaniken haibirid ya buɗe fankar, ƙura ta daskare a jikinta. In baturi ya yi zafi kwamfutar motar takan rage amfani da shi don kare shi, sai nauyin ya koma kan inji. Da aka wanke ta sai ta dawo daidai. Tun daga lokacin duk ƙarshen hunturu nake kai ta a buɗe, kuma ba na barin kowa ya jingina jaka ko mayafi a bakin tagar nan. Wannan ne ma ya sa kashe iyakwandishan a tsakiyar bazara don tsimin mai ba dabara ba ce sosai, tunda baturin da sanyin yake rayuwa.

Ƙananan abubuwa biyu: iskar taya da baƙin mai. Takardar jikin ƙofa ta ce 35 a gaba, 33 a baya, ga masu taya mai inci 15, kuma ka tsaya kan mai faci ya auna a gabanka. Baƙin man da aka tsara mata 0W-20 ne, mai ruwa-ruwa. Wasu makanikai sun saba zuba mai kauri a kowace mota da sunan ƙasarmu da zafi, injin da yake mutuwa yana tashi ba adadi a rana kuwa ba ya son haka.

To a kuɗi fa? Corollata a cikin gari da sanyi a kunne wajen kilomita 10 take yi a lita. Mu ɗauki Prius a 17, lambar da ba ta yi mata alfarma ba. Wanda yake tafiyar kilomita 1,000 a wata zai sayi lita 100 a Corolla, lita 59 a Prius. In lita tana naira 1,000, dubu 41 ke nan suka rage masa duk wata. Kuɗi ne na gaske, kuma a kansa ya kamata mai saye ya yi lissafi, ba a kan 38 ɗin dila ba. Amma ya ware wani abu daga ciki ya ajiye, domin baturin da ya shekara goma sha wani abu yana aiki wata rana zai nemi canji, kuma ba kuɗin wasa ba ne. Masu canza ɗaya ko biyu daga cikin sassansa 28 suna nan, sai dai gyara ne na ɗan lokaci, don sauran ma tsufansu ɗaya.

Ina jan kunnen masu sha'awar nau'in da ake jona wa wuta, wanda ake tallata shi da lambobi masu ban mamaki kamar lita ɗaya da rabi a kilomita 100. Wannan lissafi ya ginu ne a kan cewa kullum da cikakken caji za ka fita. A Maris 2024 Hukumar Tarayyar Turai ta fitar da rahoto daga na'urorin da ke jikin motocin da aka yi wa rajista a 2021, ta gano irin waɗannan suna fitar da hayaƙi, wato suna shan mai, ninki uku da rabi na abin da gwaji ya nuna, yayin da na fetur zalla suka wuce nasu da kashi 24 cikin ɗari ko kusa da haka. A Turai ke nan, inda ba kasafai wuta take ɗaukewa ba. Wanda ba shi da sola mai ƙarfi ko tsayayyiyar wuta a gida, nauyin baturi kawai zai riƙa ja.

Wanda yawancin tuƙinsa a cikin gari ne, ma'aikaci ko ɗan kasuwa ko mai tasi, ina ba shi shawarar ya saya ba tare da shakka ba. Wanda kullum yana kan hanyar Abuja ko Maiduguri da gudu, ribarsa kaɗan ce, ya yi lissafi da kyau kafin ya biya ƙarin kuɗin. Mai shiga ƙauye da damina kuma ya tuna cikinta a ƙasa yake, tsakaninsa da ƙasa santimita 14 ne kacal. In ka je dubawa, ka tafi da makaniken da ya san haibirid ya sa kwamfuta ya karanta ƙarfin kowane sashe na baturin, ya leƙa salansa ya tabbatar ba a cire matatar hayaƙin an sayar ba, sannan ku tuƙa ta har inji ya yi zafi, ku tsaya da sanyi a kunne ku ga ko zai mutu da kansa, da kuma tsawon lokacin da zai ɗauka kafin ya sake tashi.