Wata biyar ina amfani da Flutter, ga abin da na gani game da Container

Jama'a barkanmu da warhaka. Wata biyar kenan ina haɗa wata 'yar manhaja ta lissafin kaya a shagon yayana da Flutter, kayan aikin haɗa manhaja, wannan da Google suka fitar da sigarsa ta 1.0 a Disambar 2018, kuma gaskiya na ji daɗinsa sosai, musamman hot reload ɗin nan, kana gyara kod kana ganin canji a waya nan take. Amma Container nake son mu tattauna, wani widget mai kama da akwati (widget su ne tubalan da ake gina fuskar manhaja da su), don shi ya fi cinye min lokaci.

Ranar farko na rubuta Container mai faɗi 100 tsayi 100 na ba shi jan kala, na sa shi kai tsaye a runApp, inda manhaja ke farawa, kawai sai ga duk fuskar waya ta yi ja wur. Ina sa shi cikin Center, widget mai ajiye abu a tsakiya, ya dawo ɗan ƙarami yadda nake so. Ashe ƙa'idar guda ɗaya ce, uba (widget na waje) ne ke ba ɗa (widget na ciki, wato child) iyaka, ɗan ya zaɓi girmansa a cikin iyakar ya faɗa wa uban, shi kuma uban ya ajiye shi inda ya dace. In uba ya ce sai ka cika wuri to width ɗin da ka rubuta ba zai yi aiki ba.

Sai kuma halin Container na sauyawa, in babu child sai ya baje ya cika duk wurin da ya samu, ka sa mai child ya tsuke daidai jikinsa, ka ƙara alignment (saita inda child zai zauna) ya sake bajewa. Wannan kam sai mutum ya zauna ya gwada da hannunsa. Kuma kar ka haɗa color da decoration (ado) lokaci guda, kalar ta shiga cikin BoxDecoration, inda ake rubuta adon.

A wayar yayana mai ƙaramin allo, sunan kaya mai tsawo cikin Row (jeri a kwance) ya fito da zanen nan mai rawaya da baƙi mai nuna abu ya wuce wurinsa, Expanded (mai ba widget wurin da ya rage) da ellipsis (yanke rubutu da ɗigo uku) suka gyara shi. Haka ListView (jerin da ake ja sama da ƙasa) cikin Column (jeri a tsaye), shi ma Expanded ne maganinsa.

Yanzu in tazara kawai nake so SizedBox nake sawa ko Padding, Container sai in ina buƙatar kala ko lanƙwasa gefe. Mai farawa, buɗe Flutter Inspector, kayan duba widgets ɗinka, tun ranar farko ka riƙa duba iyakar da kowane widget ya samu.