Sadaka hannu da hannu ko ta babbar ƙungiya?

Hajiya, kin ce kin ware naira dubu 200 ta sadaka, kina tambaya ko ki raba da hannunki a nan Agege ko ki tura wa wata babbar ƙungiyar agaji, alhali zuciyarki ba ta kwanta da su ba.

Zarginki yana da tushe. Bayan girgizar ƙasar Haiti a 2010, Red Cross ta Amurka ta tara kusan dala miliyan 500, amma binciken 'yan jarida a 2015 ya nuna gidajen dindindin shida kacal ta gina, ko da yake ta ce kuɗin sun tafi wasu ayyukan agajin.

In da hannunki kika bayar, kin san fuskar mai karɓa. Ki ƙara wa bazawarar da ke tuyar awara a bakin layi jari, ko ki je asibitin koyarwa na Jami'ar Legas (LUTH) a Idi-Araba ki saya wa majinyaci magani, ki riƙe rasit. Ko sisi ba ya tafiya hayar ofis. Sai dai wanda ya fi iya kuka shi yake samu, mai kunya kuwa yana ɗaki da yunwarsa. Ni kaina na yi wata takwas ina ba wani bawan Allah a Mile 12 kuɗin wankin ƙoda, ashe takardar asibitin ta bogi ce. Har yau in na tuna sai raina ya sosu.

Ƙungiya kuma tana ɗaukar jinkar da hannu ɗaya ba zai ɗauka ba. A 2016 aka ga ƙwayar shan inna ta asali karo na ƙarshe a Borno, a 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ita. Rigakafin gida-gida ne ya yi wannan, ba kyautar bakin masallaci ba. Albashin ma'aikata ma ba laifi ba ne: aya ta 60 ta Suratut Tauba ta sa masu aikin tara zakka cikin rukunin mutane takwas da ake ba. Abin dubawa shi ne nawa suke ɗauka.

Da ni ce, dubu 150 zan raba da hannuna, amma sai na tambayi matan unguwa wa ke cikin matsi bai faɗa ba. Sauran dubu 50 na ba ƙungiyar da ke da rajistar CAC (hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi), kuma ta yarda ta nuna mini lissafin kuɗinta na bara. In sun fara kame-kame, mai awara tana nan.