Aikin tare ruwa daga wajen fandisho a Toronto: yadda kamfanin ya yi mana da inda suka ɓata min rai

Salam 'yan uwa. Tunda aka ga an tone mana gefen gida mutane ke ta tambayata ko aikin ya yi, ko kuɗin bai tafi a banza ba, shi ya sa na ce bari na rubuta gaba ɗaya kowa ya karanta. Aikin dai ya yi alhamdulillah, ruwa ya daina shigo mana besmen, amma kamfanin ba su cika goma ba gaskiya. Sunansu ba zan sa ba tunda akwai ƙorafi a ciki, ƙaramin kamfani ne, uba da ɗansa sai leburorinsu.

Ga waɗanda ke gida, besmen shi ne ɓangaren gidan da ke cikin ƙasa, kusan kowane gida a nan yana da shi saboda sanyi. A Toronto ƙasa tana daskarewa har kusan mita 1.2 a lokacin hunturu, dole fandisho ya sauka ƙasa da nan, to tunda an riga an haƙa sai kawai a ƙara zurfi a mai da wajen ɗakuna. Mutanenmu da yawa a besmen ɗin suka fara zaman haya da suka zo, wasu kuma da kuɗin hayarsa suke biyan bashin gidan, don haka in ya fara yoyo ba ƙaramin tashin hankali ba ne. Namu tsohon gida ne a Scarborough, wani yanki na Toronto, ginin shekarun 1950, fandishon da bulon siminti aka yi shi mai rami a ciki, ƙasar unguwar kuma yumɓu ce mai riƙe ruwa.

Abin ya daɗe yana nuna alama, warin fumfuna, fenti yana kumbura yana ɓarewa a ƙasan bango, ga farin abin nan da muke cewa kanwa a gida yana tsatsowa a jikin bulo. Ruwan 16 ga Yulin 2024 ne ya tona komai, ranar da kusan milimita 100 ya sauka a filin jirgin Pearson har titin Don Valley ya koma kogi, babbar tashar jirgin ƙasa ta Union Station ma ruwa ya shiga. Mu ba ta magudanar bayan gida ya taso mana ba, ta inda bango ya haɗu da daɓe ya dinga tsatsowa a hankali har kafet da dardumomi suka jiƙe sharkaf. Inshora kuwa suka ce ruwan da ya ratso ta jikin fandisho ba ya cikin abin da suke biya, kuma haka yawancin takardun inshorar gida suke a nan, kowa ya je ya duba tasa tun kafin abin ya same shi.

Masu aiki daban daban sun zo sun duba. Wasu suka ce a yi daga ciki, a fasa gefen daɓen a sa bututu ya kwashe ruwan zuwa ramin famfo, wato rami mai injin da ke zuƙe ruwa ya fitar waje, ya fi araha kuma ba a taɓa waje. Ban raina wannan aikin ba, akwai gidajen da ba su da wata hanya sai ita, misali inda gidanka ke manne da na maƙwabci babu wajen haƙa. Amma ni abin da ya tsaya min a rai shi ne a wannan tsarin ruwan yana nan yana shiga bangon, ana dai tare shi ne bayan ya shigo, bulon kullum a jiƙe, sanyi ya zo ya daskare ya ƙara tsaga shi. Wani dattijo ɗan Kumasi da muke sallah tare shi ya haɗa ni da waɗannan, ya ce ɗana in kana da wajen haƙa ka haƙa, su suka yi masa nasa. Abin da ya fara sa na yarda da uban shi ne bai ce a tone gidan zagaye ba, ya zaga ya duba ciki da waje ya ce bangon baya da na gefe ɗaya ne ke shan ruwa, sauran biyun a bushe suke kar na kashe kuɗi a kansu yanzu. Wani da ya zo kafin shi kam cewa ya yi sai an tone duka huɗun har da fasa hanyar mota.

Kuɗin da ƙafa ake lissafawa, tsawon bangon da zurfin da za a sauka. Namu ya haura dala dubu goma na Kanada, ga harajin kashi 13 a kai, wallahi sai da muka taɓa ajiya sosai. Akwai wanda ya faɗi ƙasa da haka nesa ba kusa ba, da na tambaye shi tsakuwa nawa zai zuba kuma ina ruwan zai tafi sai ya fara kame kame, araha dai ba ta ado. Waɗannan sun rubuta komai a takarda dalla dalla, kafin alƙalami kashi goma kawai suka karɓa, sauran sai da aiki ya yi nisa. Kuma ku sani a dokar kare masu saye ta Ontariyo, lardin da Toronto ke ciki, in an rubuta maka ƙiyasi a yarjejeniya ba za a caje ka sama da kashi goma a kansa ba sai da yardarka. Sun nuna min takardar inshorarsu da ta WSIB, hukumar da ke biyan ma'aikaci diyya in ya ji rauni a wajen aiki, ba tare da na matsa ba, wannan ya kwantar min da hankali don ramin nan ba wasa ba ne, mutum zai iya rasa ransa in ƙasa ta rufta.

Kafin a sa shebur sai da suka kira Ontario One Call, doka ce kuma kyauta ne, aka zo aka fesa fenti da 'yan tutoci inda bututun gas da wayar lantarki suka bi. A baya ƙaramar motar haƙa suka shigo da ita, a gefe kuma inda muke kusa da maƙwabci da hannu suka haƙa, shebur da baro, suka tokare bangon ramin da katako tunda ya wuce tsayin mutum. Na ga wahala a jikin yaran nan, yumɓun Toronto in ya jiƙe manne wa shebur yake.

Da suka kai gindin fandisho uban ya kira ni na leƙa, a nan na gane asalin matsalar. Akwai bututun da ake kewaye gindin gida da shi, a nan wifin tayil suke ce masa, aikinsa ya kwashe ruwan da ke taruwa a ƙasa kafin ya matsa wa bango. A gidajen da, gajerun bututun yumɓu ne ake jerawa baki da baki, namu sun cika tam da laka da saiwar bishiya, wasu sun farfashe, wato shekara da shekaru ruwan ba shi da hanyar fita sai dai ya tsaya a jikin bango yana neman tsaga. Kwaltar da aka shafa tun lokacin ginin kuwa ta bushe ta zama gari, da hannu kana gogawa tana zuba. Ya huda bulo ɗaya a ƙasa ruwa ya tsiyayo daga cikin ramin bulon, ruwa ne a tsaye a cikin bangon kansa.

Wannan ɓangaren da ba a gani shi ne suka yi da kyau, kuma shi ne na biya kuɗi dominsa. Sun kankare bangon suka wanke, suka bi tsagogin ɗaya bayan ɗaya suka cike da siminti mai kamawa da wuri, sannan suka yi wa bangon sabon filasta suka bar shi ya sha iska, ban ga gaggawa ba. Bayan nan suka shafa abin da ke sa gam ya kama suka manna Blueskin, shimfiɗa ce shuɗiya mai roba da kwalta a bayanta, kowane layi yana hawa kan ɗan uwansa suna bi da abin murzawa don kar iska ta ɓoye a ciki, kuma suka sauko da ita har ta rufe inda bango ya zauna a kan gindin fandisho don nan ne ruwa ya fi samun hanya. A kanta suka ɗora Delta-MS, roba mai kauri mai ƙulu ƙulu kamar kiret ɗin ƙwai, tana kare ta cikin daga duwatsu in an mai da ƙasa, tana kuma barin 'yar tazara da ruwa zai gangara ƙasa, saman suka danne da sandar roba don ƙasa kar ta shiga baya. Sai sabon bututu mai inci 4 mai huji huji da riga a jikinsa don laka kar ta toshe shi, suka kwantar a gefen gindin fandisho ba a kansa ba, suka lulluɓe da wankakkiyar tsakuwa. Dokar gini ta Ontariyo milimita 150 ta ce a kalla a saman bututun da gefensa, su sun zuba fiye da haka sosai na gani da idona. Tagogin besmen ma suka sa musu sabon ramin taga da bututu a tsaye cike da tsakuwa yana sauka har ƙasa.

Ku tsaya a kan aikin ranar da za a rufe ramin, ko aiki kake ka ɗauki hutu, don in ƙasa ta koma babu mai sanin abin da ke ciki sai Allah sai su. Ni na ɗauki hotuna tun daga tsaga har tsakuwa, kuma na ce a zuba ruwa da tiyo a bututun na ga ya fita kafin a rufe, uban bai ji haushi ba sam shi ma ya ce haka ya fi.

Maganar ina ruwan zai tafi ita ce mutane ke mantawa. Tsohon bututunmu a haɗe yake da magudanar birni, in ta cika lokacin babban ruwa sai ta dawo da shi baya. Suka yanke haɗin suka toshe, suka haƙa ramin famfo a kusurwar besmen, injin yana zuƙe ruwan yana fitar da shi can bayan gida nesa da bango. Birnin Toronto yana da tallafi na kare besmen daga ambaliya, yana mai da wani ɓangare na kuɗin famfon da na yanke bututun da na bawul ɗin da ke hana ƙazanta dawowa, amma tonon waje da shimfiɗar bango ba sa ciki, daga aljihunka ne. Kafin a ba ka tallafin sai mai aikin yana da lasisin birni kuma rasit ɗin ya rarrabe kuɗin kowane abu, a nan ne na fara samun matsala da su, rasit ɗin farko dunƙule komai suka yi a layi ɗaya, na dinga kira ina tura saƙo kafin suka gyara. Ɗan ne ke riƙe da waya da takardu kuma gaskiya bai kai uban ba, kafin a biya yana ɗauka nan take, bayan an biya sai ka yi ta jira.

Gamawar ma ba ta min daɗi ba. Sun bar laka a hanyar mota har ta bushe ta kama, katakon shingen da suka cire don mota ta shiga a karkace suka mayar, motar kuma ta tattake furannin uwargida da suka yi alƙawarin za su kauce musu, ita har yanzu in an ambaci kamfanin wannan take fara faɗa kuma tana da gaskiya. Babban abin shi ne ƙasar da aka mayar ta zauna bayan hunturu ta yi kwari a jikin bango, an faɗa min dama za ta zauna, amma a takarda sun rubuta za su dawo su cike su gyara gangaren ya dinga kai ruwa waje, sai da na yi ta bibiya kafin suka zo. Wannan ba ado ba ne, in ƙasa ta karkato wajen gida duk ruwan rufi da na narkewar ƙanƙara nan zai taru. Da suka zo dai sun yi shi daidai, har suka ƙara wa indararo tsawo yana zubarwa nesa.

Gwajin gaske a nan ba damina ba ce kaɗai, watan Maris da Afrilu ne lokacin da dusar ƙanƙara ke narkewa ƙasa kuma ba ta gama sakewa ba. Mun wuce shi bangon biyu a bushe, warin ya tafi, kanwar ba ta dawo ba bayan mun goge, injin cire danshi da ke cika kullum yanzu sai ya daɗe bai cika ba. Famfon kana jin sa yana tashi akai akai in an yi ruwa, abin da ke nuna bututun yana aikinsa. Garanti sun ba mu a rubuce na shekaru masu yawa kuma yana bin gidan ko an sayar, sai dai garantin ƙaramin kamfani iya ransa ne, ni hotunan da na ɗauka sun fi kwantar min da hankali.

Wanda ya tambaye ni zan haɗa shi da su, amma zan ce ya riƙe wani abu daga cikin kuɗin har sai an share an gyara shinge an ba shi rasit yadda birni ke so, ya kuma yi magana da uban kai tsaye. Abu ɗaya da ba su faɗa min ba sai maƙwabcina ne ya tuna min, famfon da wuta yake aiki, kuma a babban ruwa ne ake ɗauke wuta, a ruwan Yulin 2024 ɗin ma gidaje da yawa sun kwana a duhu. Na sa an ƙara mana na batir a gefensa, kuɗinsa daban, wanda zai yi aikin ya sa shi cikin ƙiyasi tun farko.